Siddabarun kwamfuta a finafinai: Dalilin da ya sa ake gane wani, wani kuma ya wuce ido

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu kallon finafinai, tun daga majalisun Limawa da Garu a birnin Dutse har zuwa shagunan tura fim na Kano. Da zarar an nuno gobara, ko aljani ya keto bango, ko mota ta wuntsila, sai a ji wani ya ce haɗin kwamfuta ne. Sau da yawa kuwa gaskiyarsa ce. Sai dai wannan sabo ya haifar da zaton cewa idon mai kallo ya riga ya goge, babu aikin kwamfutar da zai wuce shi. A nan ne aka yi kuskure, domin abin da ido ke kamawa shi ne aikin da aka yi shi a gurguje. Wanda aka zauna aka ƙware a kansa yakan wuce salin-alin, mai kallo ya tashi yana yabon wurin da aka ɗauki fim, alhali rabin wurin babu shi a doron ƙasa.

Fahimtar wannan bambanci ta wuce batun nishaɗi. Ta shafi jarin mai shirya fim, ta shafi sana'ar da matasa za su iya ci da ita, ta kuma shafi amincewar da ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati ke yi da bidiyon da aka turo masa a waya.

Daga tsayar da kyamara zuwa kwamfuta

Rufa-ido a fim ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1895 kamfanin Thomas Edison na Amurka ya fitar da wani gajeren fim da ke nuna yadda aka sare kan Sarauniya Mary ta Sikotlan. Dabarar da aka yi ita ce, an tsayar da kyamara, kowa ya ƙame a inda yake, aka janye mai wasan aka ajiye mutum-mutumi a gurbinsa, sannan aka ci gaba da ɗauka. Wani Bafaranshe mai suna Georges Méliès, wanda asalin sana'arsa ma rufa-ido ce a dandali, shi ya bunƙasa wannan dabara, har ya shirya fim ɗinsa na tafiya duniyar wata a 1902.

Wannan tsohuwar dabara ce finafinan Hausa na zamanin kaset suka riƙa amfani da ita bayan fitowar Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta shirya a Kano a 1990. Duk inda aka ga boka ya ɓace bat, ko ƙwarya ta rikiɗe ta zama maciji, tsayar da kyamara aka yi aka musanya abin da ke gabanta.

Dabarar ɗaukar mutum a gaban shuɗin ƙyalle a sauya masa wuri ta yi fice ne a fim ɗin The Thief of Bagdad na 1940. Kwamfuta kuwa ta karɓi ragamar aikin a hankali, musamman bayan George Lucas ya kafa kamfanin Industrial Light & Magic a 1975. Fim ɗin Jurassic Park na 1993 shi ne ya gamsar da masana'antar cewa kwamfuta za ta iya ƙera dabba mai numfashi da tsoka. Abin lura a nan shi ne, dabbobin da kwamfuta ta zana a fim ɗin gaba ɗaya 'yan mintoci ne kawai suka bayyana, sauran manyan mutum-mutumi ne masu inji da aka ƙera da hannu. Cakuɗa biyun ne ya sa ido ya kasa rarrabewa.

Masu kallo a ƙasar Hausa sun fi sanin wannan fasaha ta hanyar finafinan Indiya da ake fassarawa, irin su Enthiran na 2010, da Eega na 2012 wanda jaruminsa ƙuda ne, da Baahubali mai kashi biyu da S.S. Rajamouli ya fitar a 2015 da 2017.

Yadda ake yin aikin

Fim jerin hotuna ne tsayayyu da ake gilmawa da sauri, galibi guda 24 a kowace daƙiƙa a sinima, 25 a talabijin irin ta Najeriya. Ke nan fitowar da ba ta wuce daƙiƙa 10 ba tana ɗauke da hotuna 240 ko 250, kuma duk gyaran da za a yi sai ya zauna daidai a kan kowane ɗaya daga cikinsu. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya bayyana abin da ya sa aikin ke cin lokaci da kuɗi.

Ana iya kasa aikin gida huɗu. Na farko shi ne gogewa, wato cire abin da bai kamata ya fito ba, kamar igiyar da aka ɗaure jarumi da ita ko makirufon da ya leƙo daga sama. Na biyu shi ne ƙari, kamar a ɗora bene a kan ginin da ba shi da shi, ko a mayar da mahaya goma su zama ɗari biyar. Na uku shi ne haɗawa, inda ake ɗauko hotuna biyu da aka ɗauka a wurare daban a mayar da su ɗaya. Na huɗu, wanda ya fi tsada, shi ne ƙira daga tushe, a gina dabba ko jirgi ko gari sukutum a cikin kwamfuta, a sa masa fata da launi da haske da motsi.

Koren ƙyallen da ake yawan gani a bayan 'yan wasa na kashi na uku ne. An zaɓi kore ne saboda ya yi nisa da launin fatar ɗan Adam, kuma kyamarorin zamani sun fi tattara bayani a kan kore fiye da ja da shuɗi. Ana umartar kwamfuta ta cire duk inda ta ga wannan launi, sai gurbin ya zama kamar taga da za a saka duk hoton da ake so. Idan jarumi ya sa koriyar babbar riga, ko ana bukatar tutar Najeriya ta fito, dole a koma shuɗin ƙyalle, in ba haka ba kwamfuta za ta haɗa da rigar ta goge. Inda babu ƙyalle ko kaɗan, sai mai aikin ya bi gefen jikin jarumi yana zagaye shi da hannu, hoto bayan hoto, aikin da ya yi kama da ɗinkin hular zanna wajen cin ido da haƙuri.

Akwai kuma bin sawun kyamara. Idan kyamara tana motsi, wajibi ne abin da aka ƙara ya motsa daidai da ita, kamar an kafa shi a wurin. Kuskuren da bai kai faɗin gashi ba a nan yakan sa a ga gini yana zamewa a kan ƙasa.

Aikin da ba a lura da shi

Mafi yawan siddabarun kwamfuta a finafinan duniya ba ya cikin dodanni da jiragen sama jannati. Yana cikin finafinan da mai kallo zai rantse babu hannun kwamfuta a ciki. A fim ɗin Forrest Gump na 1994, jarumi Gary Sinise ya fito a matsayin sojan da aka yanke wa ƙafafu, alhali ƙafafunsa lafiya lau suke, shuɗin yadi aka naɗe su da shi aka goge. A Gladiator na 2000, wani yanki kawai na babban filin daga na birnin Rum aka gina a tsibirin Malta, kwamfuta ta cika sauran, ta kuma ninka 'yan kallo kimanin 2,000 suka cika filin maƙil. Gidan attajirin nan na fim ɗin Parasite na Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2019, idan aka hango shi daga waje, benensa na sama ƙari ne. Da Paul Walker ya rasu a hatsarin mota a Nuwamban 2013 ana tsakiyar ɗaukar Furious 7, 'yan'uwansa biyu ne suka tsaya a madadinsa aka ɗora musu fuskarsa. Hatta Top Gun: Maverick na 2022, da aka yi ta tallata shi da cewa jiragen gaske aka hau, yana ɗauke da fitowa sama da 2,000 da kwamfuta ta taɓa.

Talabijin ma haka take. Mai karanta labarai da ake gani a katafaren ɗaki mai allunan gilashi, sau da yawa a ƙaramin ɗaki yake zaune gaban koren bango. Masu zuwa gidajen kallon ƙwallo kuwa kullum suna tare da wannan fasaha: layin satar gida da ake ja a fili, da tambarin ƙungiya da ke shimfiɗe a kan ciyawa kafin a take wasa, duk babu su a filin. A gasar cin kofin duniya ta Ƙatar a 2022 har siffar 'yan wasa aka riƙa ƙerawa nan take domin nuna wanda ya yi satar gida.

Misali daga gida zai ƙara fito da amfanin wannan ɓoyayyen aiki. A ƙaddara wani darakta yana son shirya fim a kan Dutse Gadawur ta zamanin da, kafin zuwan Turawa. Duwatsun suna nan yadda suke, itatuwan dabino suna nan, amma tun da garin ya zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991 ya cika da turakun lantarki, da dogayen ƙarafan kamfanonin waya, da rufin kwano, da kwalta. Babu yadda za a tumɓuke waɗannan saboda fim. Mai aikin kwamfuta ne zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge, ya mayar da kwano rufin soro ko na ciyawa, ya ja ganuwa inda babu ita. Idan ya yi nasara, babu wanda zai ambace shi, sai dai a ce darakta ya iya zaɓen wuri. Lada a wannan sana'a shi ne a manta da mai ita.

Abubuwan da ke tona asiri

Babban mai tonon silili shi ne haske. Ɗan Adam ya shafe rayuwarsa yana ganin yadda rana ke sauka a kan abubuwa, don haka ko bai iya bayyana abin da ya gani ba, zuciyarsa tana sanar da shi cewa wani abu bai yi daidai ba. Ranar watan Afrilu a Dutse takan tsaya kusan a tsakar ka, inuwa ta taƙaita ta taru a ƙarƙashin ƙafa, gefenta ya yi kaifi. Idan aka ɗauki jarumi a cikin ɗaki da fitilu masu laushi sannan aka ɗora shi a kan hoton wannan rana, fuskarsa za ta ce yamma ce, ƙasar da yake takawa ta ce azahar ce. Idan kuma aka manta da inuwar gaba ɗaya, sai a gan shi kamar yana shawagi.

Na biyu shi ne iska da abin da ke cikinta. A lokacin hunturu hazo yakan dusashe duk abin da ke nesa, dutsen da ke kusa ya yi duhu, na bayansa ya yi fari-fari. Kwamfuta kuwa tana fitar da abu tas, babu ƙura babu dishi-dishi. Fadar da aka ƙera aka ajiye a nesa, matuƙar ta fi abin da ke kewaye da ita fitowa rangaɗau, ido zai tsame ta nan take. Ƙwararru sukan ɓata lokaci suna ƙazantar da aikinsu da gangan, su ƙara ƙura da tsatsa da tabo.

Na uku shi ne nauyi. Buhun gero da aka jefo daga mota yana da yadda yake faɗuwa, doki yana da yadda kofatonsa ke tayar da ƙasa. Abin da aka zana idan ya tashi da sauri fiye da kima, ko ya tsaya cak ba tare da ya girgiza ba, sai ya zama kamar kwali. Wuta da ruwa da hayaƙi sun fi komai wuya saboda wannan dalili. Wutar da ake saukowa da ita daga intanet a manna a kan gida ba ta haska bangon da ke kusa da ita, ba ta baƙanta shi, ba ta sa fuskar mai ihu ta yi ja, shi ya sa yaro ma yakan gane ta.

Na huɗu shi ne gefen jiki. Suturar Hausawa tana da nata ƙalubale a gaban koren ƙyalle. Farar shadda mai ƙyalli takan ɗebo koren ta mayar da shi a jikinta, mayafi mai shara-shara yakan bar koren ya ratso ta cikinsa, bakin rawani da gashin gemu kuma sukan fito da wani siririn zare mai kore a kewaye.

Na biyar, wanda ya gagari har manyan kamfanoni, shi ne fuskar mutum. Tun a 1970 wani masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya lura cewa abin da aka ƙera yakan burge mutane gwargwadon kamarsa da ɗan Adam, amma idan ya kusa zama mutum bai ƙarasa ba, sai burgewar ta koma tsarguwa. Idon da ba ya ƙiftawa a kan kari, ko leɓen da ya saɓa da magana kaɗan, ya isa ya rusa komai.

Girman allo ma yana da tasiri. Fim ɗin da aka matse aka tura a waya yakan ɓoye kurakurai da dama. Wannan fim ɗin idan aka haska shi a sinima, ko a babbar talabijin ta falo, duk ɗinkin zai fito fili.

Kuɗi, lokaci da shiri

Ana yawan ɗora laifin mummunan aiki a kan rashin kuɗi, amma tarihin masana'antar ya nuna cewa gaggawa da rashin shiri sun fi yin ɓarna. Fim ɗin Adipurush na Indiya ya ci maƙudan kuɗi, duk da haka da aka saki tallarsa a Oktoban 2022 masu kallo suka yi masa ca, har aka ɗage fitowarsa daga Janairu zuwa Yunin 2023 domin gyara. Haka aka ɗage Sonic the Hedgehog daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020 bayan jama'a sun ƙi siffar da aka yi wa dabbar. A ɗaya ɓangaren, fim ɗin Godzilla Minus One na Japan ya lashe kyautar Oscar ta wannan fanni a 2024 da ma'aikata 35 da suka yi fitowa 610, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na finafinan Amurka ba. Daraktansa, Takashi Yamazaki, shi ne kuma ya jagoranci aikin kwamfutar, don haka tun kafin a kunna kyamara an san abin da za a ƙara da inda za a ƙara shi.

Wannan darasi ya shafi Kannywood kai tsaye. Tun da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai, wadda Ƙofar Wambai ta kasance cibiyarta, masana'antar ta karkata ga finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So sun saba wa masu kallo da sabon kashi a kowane mako. Mai tace hoton da ke fafutukar kammala kashin wannan mako ba shi da sararin zama kwana uku a kan fitowar daƙiƙa 10. Saboda haka mafita ga mai ƙaramin jari ita ce ya rage yawan siddabarun, ya shigo da mai aikin kwamfuta tun a matakin rubutun labari, ya kuma yi abin da zai yiwu a gaban kyamara. Hayaƙin gaske da ƙurar gaske, idan aka ɗan ƙara musu da kwamfuta, sun fi wanda aka zana daga farko har ƙarshe shiga ido. Sau da yawa ma ƙarar karo da fuskar wanda ya gani sun fi nuna motar tana wuntsilawa tasiri.

Batun kayan aiki kuwa ya yi sauƙi fiye da da. Manhajar Blender kyauta ce, kuma da ita aka shirya fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. DaVinci Resolve ma tana da nau'in kyauta. A Kaduna, wasu matasa da ke kiran kansu The Critics Company sun ja hankalin duniya a 2019 da gajerun finafinan almarar kimiyya da suka ɗauka da wayar hannu da koren yadi, har fitaccen daraktan Amurka J.J. Abrams ya aika musu da kayan aiki a 2020. Tun kafin su, Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar ya shirya finafinan zane masu motsi a shekarun 1960. Jigawa tana da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure, ga kuma makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos, ƙarƙashin hukumar finafinan da aka naɗa Ali Nuhu ya shugabanta a Janairun 2024. Sana'a ce da ake iya yi daga ɗaki a Limawa a tura wa mai aiki a Kano ko Legas, muddin akwai kwamfuta mai ƙarfi da wutar da za ta riƙe ta, wanda shi ne babban cikas har yanzu.

Idan siddabaru ya fita daga fim

Mai kallon fim ya san wasa yake kallo, ya kuma amince a rufe masa ido. Hatsarin yana farawa ne idan aka ɗauki wannan fasaha aka shigar da ita cikin labarai da ciniki. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun sa abin da a da sai kamfani guda yake iya yi, yanzu mutum ɗaya zai yi shi da waya. A Mayun 2023 wani hoton bogi na fashewa a kusa da hedikwatar tsaron Amurka ya bazu, har kasuwar hannun jari ta ɗan girgiza kafin a ƙaryata. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kimanin Dala miliyan 25 ga 'yan damfara, bayan wani taron bidiyo da ya ga fuskokin shugabanninsa ya kuma ji muryoyinsu, alhali duk ƙirar kwamfuta ce.

Alamomin da ke tona asirin fim suna taimakawa a nan ma: inuwar da ta saɓa wa haske, leɓen da bai bi magana ba, gefen fuska da ke rawa idan an juya kai, rubutun allo ko lambar mota da suka hargitse. Amma waɗannan alamomi suna raguwa a kowace shekara, kuma wanda ya dogara da kaifin idonsa kaɗai shi ne ya fi saurin faɗawa tarko, tun da ya saba ganin yana kama na bogi. Abin da ya fi tabbas shi ne bin asalin bidiyo: wa ya fara sakinsa, a wane shafi, kuma wace kafar labarai da aka sani ta tabbatar da shi. Ɗan kasuwar da aka turo wa bidiyon wani babban mutum yana tallata harkar zuba jari, ko akawun da ya ga fuskar maigidansa tana umartar a fitar da kuɗi, ya kamata ya ajiye wayar, ya kira mutumin a lambar da ya riga ya sani, ko ya taka ya same shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma karin maganar an yi ta ne a zamanin da ba a iya ƙera abin da ido zai gani.